Ƙyauren Tsohon Ɗakin Hatsinmu

In mutum ya ga gini mai kyau ya kan yabi magini, ya yabi bango da rufi, amma da wuya ka ji an ambaci ƙyaure. Alhali kuwa duk ɗakin ba abin da ke aiki kamarsa. Bango yana tsaye wuri ɗaya shekara da shekaru, ƙyaure ko kullum sai an buɗe shi an rufe, rana ta duke shi, ruwa ya duke shi, akuya ta tunkuye shi. In ya lalace kuma kaurin bango ba ya tsare kome. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ɗakin da ƙyaurensa ya ruɓe ko tsagewa ba sai an jira ba. Ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin yadda muka zaɓi ƙyaure muka kuma haɗa shi, domin wani tsohon ɗakin hatsi da ke gidanmu a ƙasar Shendam.

Kada mai karatu ya zaci rumbu na ke nufi. Rumbun ƙasa ta sama a ke shigarsa, murfi gare shi. Wannan ko ɗaki ne mai kusurwa huɗu, ginin tubali, kakana ya gina shi tun ana kashe fam da sule, watau kafin naira ta fito a 1973. Tsofaffi sun ce lokacin farin 1973 da 1974, sa'ad da mutanen arewa suka yi ta gangarowa neman abinci, dawar da ke cikinsa ta ciyad da gidanmu har da baƙi. Har yanzu a ciki mu ke ajiye dawa da shinkafa da wake, watau abincin mutum goma sha huɗu na shekara guda, da kuɗin makarantar ƙannena, gama waken a ke sayarwa a biya.

Ƙyauren da kakana ya sa katako huɗu ne masu kauri, maƙeri ya ɗaure su da ƙarfe. Ba hinji gare shi ba, yana juyawa ne a kan ƙafa guda da ke zaune cikin ramin dutse, irin na ƙofofin dā. Ƙofar tana duban gabas, kowa kuwa ya sani hadarin ƙasarmu daga gabas ya kan taso, saboda haka kowace damina ruwa ya yi ta dukansa har gindinsa ya ruɓe. Gara ta bi ruɓar ta hau, ɓera ya sami hanya.

Maganar ɓera ba ƙarama ba ce. Waken namu cikin buhun nan mai ninki uku mu ke zuba shi, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka soma yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Asirin buhun shi ne iska ba ta shiga, sai ƙwarin wake su rasa numfashi su mutu, ba tare da an zuba magani ba. To, in ɓera ya huda shi, aikin ya ɓaci. Ban da ɓarna kuma akwai cuta, gama zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969, ɓera ne ke baza shi ta fitsari da kashin da ya ke bari cikin abinci.

Da aka gama girbi na zo hutu, sai Baba ya tara mu ya ce lalle a yi sabon ƙyaure kafin a shigo da amfanin gona duka. Nan fa shawara ta rabu. Wana, wanda ke aiki a Jos, ya ce a sayo ƙofar ƙarfe ta walda irin ta shaguna. Kawuna ya ce ina dalilin ɓad da kuɗi, ga ƙyauren filawud ana sayarwa a shirye, da araha. Inna kuwa ta ce ita dai a yi abin da za ta iya buɗewa da hannu ɗaya in tana ɗauke da ƙwarya. Baba bai ce kome ba, sai ya aike ni in kirawo tsohon kafintan garinmu.

Tsohon nan ya zo, bai ko dubi ƙyauren ba, bango ya tsaya yana shafawa. Can ya ce wa Baba, "Maigida, ƙofar ƙarfe aba ce mai kyau, amma ba ta wannan ɗaki ba ce. Sai an sare bangon nan an kafa ginshiƙin siminti kāna ta tsaya, siminti ko ba ya kama ƙasa. Shekara biyu za ka ga tsaga tsakaninsu, ka zura hannu." Game da filawud ya ce falle-falle ne aka manne da gam, ruwan gabas ya duke shi damina ɗaya sai ya dinga ɓarewa kamar albasa. Araha ba ta ado. Ya ce kuma duk ƙyauren kasuwa awonsa ɗaya ne, ɗakin kakana kuwa ba da awon kasuwa aka gina shi ba. Ko dai a yi ƙyaure daidai da ɗakin, ko a karya ɗakin domin ƙyaure.

Da muka auna sai na ga gaskiyarsa. Faɗin ƙofar daga sama ƙafa 5 ne da inci 2, daga ƙasa ƙafa 5 da inci 5, tsawo kuwa ƙafa 6 da rabi. An yi ta da faɗi domin jaki ya shiga da kaya. Kawuna ya so a ƙara buɗa ta, tsohon ya hana. Ya nuna mana azarar da ke bisa ƙofar, wadda ta ɗauki nauyin bangon sama, ya ce azara ba ta da abokin yi wajen ƙin gara, amma in tsakanin da ta ƙetare ya wuce kamar ƙafa 6 sai ta lanƙwashe. Magina na dā sun san wannan iyaka, shi ya sa suka tsaya inda suka tsaya. Muka yanke shawara a yi ƙyaure biyu, kowanne faɗin ƙafa 2 da rabi. Guda ɗaya mai faɗin ƙafa 5 zai yi nauyi har ya janyo madogararsa, Inna kuma ba za ta iya da shi ba. In biyu ne, ɗaya ya zauna a kulle da sakata, sai ran shigo da kaya a buɗe duka.

Sai maganar itace. Farin katako da malaina suna da arha, suna da sauƙin yanka, amma tsohon ya ce farin katako tuwon gara ne, malaina kuma ba ta da ƙarfin riƙe ƙusa a wurin da a ke buɗewa kullum. Baba ya tambayi madobiya, wadda ya sani tun yana yaro. Ita ko ta yi wuya, gama an sassare ta ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da ba a fita da su ƙasashen waje sai da izni. Muka tsaya a kan kirya domin madogara, wato firam, saboda taurinta, ita ce a ke sassaƙa turmi da ita. Allunan ƙyaure kuwa maɗaci. Muka yi sa'a wani maƙwabci yana da katakon maɗaci da ya jingine cikin inuwa tun bara waccan. Tsohon ya ce ɗanyen katako mai kaurin inci ɗaya yana bukatar wajen shekara guda kafin ya bushe, wanda ya yi ƙyaure da ɗanye kuwa zai ga ya murɗe kamar ƙahon rago.

Ranar haɗa firam ce karatuna ya yi rana. Tun da ya ke ƙofar a karkace ta ke, ba a iya bin bango, tilas firam ya tsaya daidai shi kaɗai, sa'an nan a cike abin da ya rage da ƙasa. Muka shimfiɗa itatuwan a tsakar gida. Na auna ƙafa 3 a jikin ɗaya daga kusurwa, ƙafa 4 a jikin ɗayan, na ce in tsakanin alamun nan biyu ya zama ƙafa 5 cif, kusurwar ta daidaita. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Malam ƙarami, mu da igiya mu ke yi." Ya ja igiya daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ya ƙulla, ya sāke ja ta ɗaya wajen, ya ce in tsawon ya zo ɗaya shi ke nan. Muka gwada nawa muka gwada nasa, suka faɗi wuri guda. Shi bai taɓa jin sunan Pythagoras ba, ni kuma sai ran nan na ga lissafin allo yana riƙe da itace.

Ga yadda aka haɗa kowane ƙyaure. An jera alluna biyar a tsaye, kowanne faɗin inci 6. A bayansu aka gicciya katako uku, sama da tsakiya da ƙasa. Ɗaya daga cikin allunan kakana ya fito lafiya bayan an yanke ruɓar, Baba ya ce a tsaga shi a yi giccen tsakiya da shi, aka yi. Sa'an nan aka sa wani katako a karkace tsakanin gicce da gicce. Wannan shi ne ran ƙyaure, kuma yana da doka: gindinsa ya zauna ƙasa wajen hinji, kansa ya hau sama wajen kwado. Dalili kuwa, nauyin ƙyaure kullum yana jan bakinsa ƙasa. In katakon ya tashi daga wajen hinji, nauyin sai ya danne shi, ya bi ta jikinsa ya sauka kan madogara. In aka juya shi, ƙusoshi kaɗai ke riƙe da nauyin, ba a daɗe sai su saki, ƙyaure ya soma jan ƙasa. Abu mai kusurwa huɗu ya kan goce in an tura shi, mai kusurwa uku ba ya gocewa sai ya karye.

Da ya ke cikin hunturu mu ke aikin, tsohon ya bar 'yar tazara tsakanin allo da allo, kaurin kwabo. Ya ce katako ya kan tsuke da rani ya kumbura da damina, kuma ta faɗi ya ke yi, ba ta tsawo ba. Wanda ya matse alluna cikin hunturu, watan Agusta ƙyaurensa zai ƙi rufuwa. Domin kada iska da ƙwari su bi tazarar, aka rufe kowace da siririn katako daga waje.

Maƙeri ya ƙera mana dogayen hinji uku uku na inci 18, gama kowane ƙyaure ya tasam ma nauyin buhun siminti. Ba da ƙusa aka kafa su ba, an huda katakon ne aka zura ƙarfe mai noti, notin yana daga ciki, yadda ɓarawo ba ya iya kwancewa ta waje. Kafin a kafa firam muka shafe shi da Solignum har sau biyu, muka ɗora ƙafafunsa kan dutse domin kada su taɓa ƙasa. Dokin ƙofa ma dutse muka sa. Daga gindin ƙyauren zuwa sama inci 12 aka lulluɓe da kwano, saboda haƙorin ɓera kullum tsiro ya ke yi, dole ya yi ta gwaguya, kwano kuwa ba ya gwaguyuwa. Tsakanin ƙyaure da dokin ƙofa ba mu bar abin da fensir zai wuce ba, gama ƙaramin ɓera yana bi ta ramin da bai wuce kwatan inci ba. Daga ƙarshe muka kafa 'yar rumfar kwano bisa ƙofar ta tare ruwan gabas, wanda shi ne ya kashe ƙyauren fari.

Kwana shida aikin ya ci. Da muka rataya su, Inna ta zo da ƙwarya a ka, ta tura da hannu ɗaya, ƙyaure ya buɗe ba ƙara. Wana ya girgiza shi da ƙarfinsa, ya ce, "To, Baba kafinta, na sallama." Damina ɗaya ta wuce tun daga lokacin, ƙanena ya rubuto mini ya ce ƙyauren yana rufuwa kamar ran da aka sa shi, buhunan wake kuma ba wanda aka huda.

'Yan'uwana, yawancinmu ƙauyuka za a tura mu in mun gama. Za mu tarar da ajujuwa da ɗakunan ajiya waɗanda wasu suka gina tun ba a haife mu ba, ƙofofinsu suna jan ƙasa, akuya tana kwana kan benci. Kafin mu rubuta takarda muna neman a rushe a yi sabo, mu fara auna abin da ke nan, mu tambayi tsofaffin wurin dalilin da ya sa aka yi shi haka, gama da tsohuwar zuma a kan yi magani. In kuma darasin kusurwa ya zo, mu fita da yara tsakar makaranta da igiya da sanduna, su auna 3 da 4 da 5 da hannunsu, sa'an nan mu kai su gaban ƙofar aji su faɗa mana ko katakon karkace yana inda ya kamata. Yaron da ya gane wannan zai iya tsare hatsin gidansu, ko da bai zama kafinta ba.