Ɗori Ya Kama, Saura Magani

Mu mutanen zango mun iya jinyar karaya. In tsohuwa ta zame a makewayi ta karye a ƙugu ko a wuyan hannu, kafin magariba gida ya cika. Wannan ta kawo koko, wancan ya nemo maɗori, 'ya'yan da ke Kumasi da Tamale su aiko da kuɗin asibiti. Bayan wata 2 zuwa 3 ƙashi ya haɗe, kowa ya yi hamdala.

To, a nan ne iyayenmu kan ajiye ƙwayoyin da likita ya ba su. In an yi magana sai Hajiya ta ce, "Ɗan nan, na warke, ciwon me zan sha wa magani?"

Jama'a, ɗori daban, ƙarfin ƙashi daban. Tsohon da ɗan tuntuɓe ya karya, ƙashinsa ya riga ya zama kamar azarar da gara ta ci ta ciki, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada. Wannan rauni ba ya ciwo, amma wanda ya karye sau ɗaya yana kusa da karaya ta biyu, balle cikin shekara 2 na farko. Kalsiyam ne tubalin ƙashi, bitamin D kuwa shi ke sa hanji ya tsotse shi. Fata na yin bitamin D da hasken rana, sai dai tsohuwar da ke wuni a ɗaki ba ta samun isasshe. Sau da yawa likita kan haɗa da alendronate, wanda ake sha sau ɗaya a mako har shekara 3 zuwa 5.

Tsoho ba zai riƙe wannan lissafi shi kaɗai ba, aikinmu ne. A gidajenmu mun ɗaura ƙwayar mako da safiyar Juma'a, ranar da ba mai mantawa. A sha da kofin ruwa cike kafin karin kumallo, a zauna minti 30 ba ci ba kwanciya. Kalsiyam sai an jima, tare da abinci. Da azumi a tashe su tun kafin sahur. In ƙwayar na ƙona ƙirji, a koma wurin likita, kada a daina a ɓoye. A kuma yawaita musu nono, miyar kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, a fito da su hantsi.

Dubiya ta mako ɗaya ce, jinya kuwa ta shekaru. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.