Wuni Guda Cikin Jirgin Masunta A Tiga

Yau labarin ruwa na kawo muku, gama da bazara na yi wuni guda cur cikin jirgin masunta a tafkin Tiga.

Tiga tana ƙasar Bebeji, kudu da Kano, ba nisa da Bagauda. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse Kogin Kano a nan, aka gama aikin a 1974. Ruwan ya taru ya rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 178, daga cikinsa kuwa ake sakar wa manoman rani na Kadawa da Kura.

Wani dattijo, aminin mahaifina, shi ya ɗauke ni, shi da ɗansa. Da asuba muka tashi. Da muka yi nisa da gaɓa sai yaron ya saki wani dutse da aka ɗaura wa igiya, ya nutse, jirgi ya tsaya cik. Dattijon ya ce, "To, 'yata, yau nan ne gidanmu."

Gida ne kuwa, amma na masu tsari. Kowane abu da mazauninsa: taru a gaba, kwandon kifi a tsakiya an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ga ƙoƙon kwarfe ruwa kusa da ƙafa. Gorar fura sai aka ɗaura mata igiya aka zura ta cikin ruwa don ta yi sanyi. Garin kwaki da ƙuliƙuli shi ne abincin rana. Ba a miƙewa tsaye ba da dalili ba, in kuwa za ki gyara zama sai kin faɗa, don wani ya karkata ɗaya gefen.

Da hantsi suka jawo taru, ga karfasa, ga tarwaɗa. Ƙananan sai dattijon ya mayar da su ruwa, ya ce na baɗi ne. Da rana ta take, zafi ya sauko daga sama, ya kuma taso daga ruwa, na ce, "Baba, in mun koma bakin gaɓa ai sai in watsa ruwa." Ya hana ni. Yana da gaskiya, gama a ruwa mara zurfi da ba ya gudu ake samun katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, tana kuwa shiga ta fata. Yaron da kika ga jini a fitsarinsa, ki kai shi asibiti, akwai magani.

Wajen la'asar iska ta canja, gabas ta yi duhu. Ko da yake kifi na kamuwa, nan da nan suka ɗago dutse muka nufi tudu. Na tambaye shi ko jirgin nan mutum nawa yake ɗauka. Ya ce, "Huɗu, 'yata. Ko uwata ce ta biyar, sai ta jira sawu na biyu."

Maganar nan ta tuna mini da abin da ya faru a tafkin Watari, ƙasar Bagwai, cikin Nuwamba 2021. Jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya ji ƙansu.

Saboda haka iyaye mata, da ku 'yan makaranta, in tafiya ta haɗa ku da ruwa, ku dubi jirgi kafin ku shiga. In ya cika ku jira, in akwai rigar ruwa ku sa, in hadari ya taso ku haƙura. Ba kunya ba ce mace ta ce, "Malam, ni dai sai sawu na gaba."

Allah ya kiyaye mu, amin. Sai mako mai zuwa.