Kwana huɗu a Gozo, kusa da inda jirgin Bulus ya fashe

Tun muna ajin Lahadi muke jin sunan Malita, tsibirin da Bulus ya tsira a kai bayan jirginsu ya fashe, kamar yadda Luka ya rubuta a Ayyukan Manzanni sura 27 da 28. Yau Malta ake kiranta, tana kudu da Sisili, tsakanin Italiya da Libiya. Mu bakwai, matasan zumunta da karatu ya warwatsa a Turai, muka haɗa kuɗi muka je can domin mu keɓe kanmu da addu'a. Daga babban tsibirin muka hau jirgin fito, kafin rabin awa mun isa Gozo, ƙaramin tsibiri na manoma da ke gefensa.

Masaukinmu tsohon gidan gona ne da aka mayar otal, ginin dutse mai kauri, da tsakar gida kamar namu. Da safe babu abin da ke tashi sai ƙararrawar majami'a daga ƙauye. A kawo burodi da man zaitun da tumatir da ɗan cukun madarar tumaki. Wanda ya taso cikin ƙarar janareto da hon ɗin 'yan acaɓa, irin wannan shiru yakan hana shi barci a daren farko. Wani abin da ya faranta mana rai shi ne harshen mutanen, wanda asalinsa daga Larabci ne: Kiristocin can Alla suke cewa idan suna kiran Ubangiji. Mu da ake yawan tambayarmu a Turai me ya sa Kirista yake cewa Allah, sai muka ji kamar mun zo gida.

Kowace yamma mukan hau rufin soro mu karanta labarin. Mutum 276 ne a jirgin. Sai a dare na goma sha huɗu suka gane sun kusa ƙasa, waɗansu suka yi iyo, waɗansu suka kama katakai, ba wanda ya mutu. Mutanen tsibirin ba su san ko su wane ne ba, cikinsu ma har da fursunoni da sojoji da matuƙa, amma suka hura musu wuta saboda ruwan sama da sanyi. Shugaban tsibirin ya sauke su Bulus kwana uku, Bulus kuma ya yi wa mahaifinsa addu'a ya warke. Wata uku suka yi a can. Har yau ranar 10 ga Fabrairu ranar hutu ce a Malta don tunawa da wannan.

Daga rufin ana hango teku, shuɗi, kwance kamar bai taɓa cin kowa ba. Wata 'yar'uwarmu da ta taso a Nijar ce ta faɗi abin da duk muke gudun faɗi. Wannan tekun ne jiragen roba daga Libiya suke shiga, cike da samarin da suka bi ta Agadez suka ratsa hamada. Dubbai sun nutse a cikinsa. Waɗanda aka ceto kuwa, sau da yawa sukan kwana suna wuni a kan ruwa, ƙasashe na gardamar wa zai buɗe musu tasha. Mu da biza muka zo, aka ba mu makulli da tawul mai ƙamshi. Su ko wutar da aka hura wa Bulus ba kullum suke samu ba.

Wani ɗan'uwa ya ce ashe bai kamata mu kashe kuɗi a irin wannan wuri ba. Ba mu yarda da shi ba. A Markus sura 6 Yesu da kansa ya janye almajiransa su huta, don ko damar cin abinci ba sa samu. Sai dai ɗan'uwan ya tuna mana yadda hutun ya ƙare: taro ya riga su isa, Yesu ya ji tausayinsu, aka ciyar da maza dubu biyar. A nan kam ba mu da amsa.

A daren ƙarshe muka ɗauko takarda, kowa ya rubuta sunan wanda ya sani daga unguwarsu da ya bi wannan hanya aka daina jin labarinsa, Kirista ne ko Musulmi. Suna tara muka samu. Mun aika wa shugaban matasa takardar, za a karanta ta a taron addu'a na ranar Laraba. Duk mai sunan da zai ƙara, ya zo da shi.