Fagen da ba shi da katanga

A Jiratawa na fara kallon kokowa, a bisa wuyan kawuna. Fagen nan ba wanda ya gina shi. Da an ɗaure gero, damma sun shiga rumbu, sai samari su share wani fili mai rairayi a bakin gari, makaɗi ya ɗauko gangarsa, shi ke nan. Mutane su ne katangar. Na gaba su zauna a ƙasa, na tsakiya su durƙusa, na baya su tsaya, yara kuma mu ɗare bisa gawo ko wuyan wani babba. In da'ira ta matse, wani dattijo ya zagaya da tsumagiya yana bugun ƙasa, kowa ya ja baya yana dariya.

Kusancin ne nake kewa. Kana jin nishin ɗan kokowa, kana jin warin maganin da ya shafa, kana ganin layu da guraye suna rawa a ƙugunsa. In aka yi kaye, ƙurar a fuskarka take sauka. Ƴan mata su rangaɗa guɗa, wani ya cire hularsa ya jefa, wata ta miƙa goro. Samarin Tibiri kan zo da nasu makaɗin, kuma tsakanin Bagobiri da Bakatsine ai ba a rasa tsokana. Wanda aka kayar ba ya sake jin daɗin cin kasuwa sai wata kaka.

A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, kuma ɗan Maraɗi ne, Yakuba Kantu, ya fara ɗaga takobin. Daga nan kokowa ta zama ta gwamnati: alƙali da usur, agogo, jiha da jiha, rediyo yana kai labari har rugar Fulani. Tsofaffinmu kan kewaye rediyo ɗaya a gindin bedi, ba mai tari in an ambaci Kantu ko Salma Ɗan Rani na Doso.

Yau filin kokowar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, kuma ya cancanta. Ginin siminti ne, da matakalan zama, da rumfar manya, da ƙofar sayen tikiti. Ba na raina shi. Tsohuwa ma tana samun wurin zama, ba a tattake yara. Amma ran da na kai jikana, muna can sama, ya ja rigata ya ce, "Kaka, wane ne ya faɗi?" Na ƙura ido ban gane ba, sai da wani saurayi kusa da mu ya nuna mana a wayarsa.