Daga Circle Zuwa Duwatsun Shai: Kwana Biyu da Amanar Yara

A wannan wata zan ba ku labarin tafiyar da muka yi a farkon damina, lokacin hutun makaranta, da ɗalibanmu 'yan sikawut su 24 daga Nima da Maamobi, tare da malamai huɗu. Mun je Duwatsun Shai ne domin yara su koyi zaman daji: kafa tanti, hura wuta, tsabtace ruwan sha, da gane hanya.

Bayan sallar asuba muka taru a Circle inda motar da muka ɗauka haya take jiranmu. Wata uwa ta riƙo hannun ɗanta, wanda shi ne autan tawagar, ta ce da ni, "Malam, ga amana nan. Yadda na ba ka shi, haka nake son ka dawo mini da shi." Na ce, "Hajiya, in Allah ya yarda." Duk wanda ya san abin da ya faru a Circle daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka halaka mutum fiye da 150, yawancinsu masu fakewa daga ruwan sama, ba zai ga laifin uwar da ta yi wannan magana a wannan wuri ba.

Tun mako biyu kafin ranar muka soma shiri. Kowane yaro ya kawo takardar yardar iyaye da katin inshorar lafiya. Muka tambayi iyaye ɗaya bayan ɗaya ko yaro yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya. Wasu iyayen sukan ɓoye irin wannan don kada a hana ɗansu tafiya, to amma ɓoyewar ita ce babban haɗari, domin mai sikila in ya sha rana bai sha ruwa ba, ciwonsa na iya tashi. Mu biyu cikin malamai muka riga muka je muka ga wurin, muka san hanyar asibitin gunduma da ke Dodowa, muka kuma yi sharaɗi da direba cewa mota za ta kwana tare da mu.

Daga Accra zuwa can kamar kilomita 50 ne. Ana bin babbar hanyar Tema, a karkata kan hanyar Akosombo, a wuce Afienya. Daga nan gidaje sukan ragu, sai fili da ciyawa, can sai ka hango duwatsu sun taso tsakiyar sarari. Gandun daji ne na gwamnati, yana da bika da maraya da tsuntsaye iri-iri, da kogo mai cike da jemagu. A kan waɗannan duwatsu mutanen Shai suka zauna har shekarar 1892 da Turawan Ingila suka kore su zuwa ƙasa, kuma har yanzu ana ganin kufansu.

Tun a bakin ƙofa bika suka yi mana maraba. Yaran da ke tsallake titin Nima a guje tsakanin motoci ba tare da gabansu ya faɗi ba, sai ga su sun maƙale a jikin mota. Amma da suka saba, sai wani ya fito da burodi zai miƙa. Jagoran da hukumar gandun ta haɗa mu da shi ya hana, ya ce bika in ya saba karɓa daga hannun mutum, gobe fizgewa zai yi, kuma cizonsa ba wasa ba ne. A nan na gane cewa yaron birni yana da wayonsa, amma wayon birni ne. Ya san gota in ta cika, ya san ɗan sane, bai san ramin kunama ba.

Da muka sauke kaya na tambaye su ma'anar kalmar "zango". Suka ce unguwar Hausawa. Na ce asalinta masaukin fatake ne. Kakanninmu da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro sun yi watanni a daji, kuma ba su yi tafiyar da ka ba. Akwai jagaba mai duba hanya a gaba, akwai madugu uban tafiya mai kula da kowa, kuma ba a tashi daga zango sai an tabbata ayari ya cika. Muka ɗauki tsarinsu: malami ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowane yaro da abokin tafiyarsa wanda ko bayan gida zai je sai tare, kowa da usur a wuya, kuma a ƙirga kai kafin a tashi da bayan an isa.

Wuta mun hura ta ne a wurin da aka nuna mana kawai, bayan an share ciyawa kewaye an ajiye bokitin ruwa. Na tuna musu shekarar 1983, wadda iyayenmu ba sa mantawa, da gobarar daji da fari suka jefa Ghana cikin yunwa. Mai riƙe da wuƙa ko adda sai ya tabbata babu kowa iyakar inda hannunsa zai kai. Ruwan da ba a yarda da shi ba a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In gudawa ta kama yaro, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa. In kuwa maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Lambar neman agajin gaggawa, 112, kowa ya haddace ta.

Rana ta biyu da la'asar ita ce ta hawan dutse, abin da yara suka fi ɗoki. Mun yi rabin hanya sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta sauya. Yara suka ce, "Malam, saura kaɗan, mu ƙarasa mana!" Gaskiya ni ma raina ya so. Amma na tuna Kintampo, inda a watan Maris na 2017 iska ta kayar da babban itace kan masu wanka a ƙarƙashin magangarar ruwa, mutum kusan ashirin suka rasu, yawancinsu ɗaliban da suka je yawon buɗe ido. Ga shi kuma ƙolin dutse da gindin itace guda a fili su ne wuraren da tsawa ta fi faɗawa, dutse mai jiƙa kuma santsi ne da shi. Na busa usur na ce a juya.

Muna isa gindin dutse muka ƙirga, sai 23. Muka sake, 23. Autan nan ne babu. Abokin tafiyarsa ya fashe da kuka, ya ce ya tsaya ɗaure takalmi ne. Laifin nawa ne: da muka juya, malamin baya ya zama na gaba, ni da ya kamata in tsaya in zama na ƙarshe sai na biyo tsakiya ina gaggauta yara. Muka sa sauran a mota, ni da jagora muka koma da gudu. Ba mu yi nisa ba muka ji usur sau uku, aka yi shiru, aka sake sau uku. Muka same shi zaune inda hanya ta rabu biyu. Ya ce, "Malam, ka ce in mutum ya ɓata ya zauna wuri ɗaya." Minti goma ne duka, amma ban taɓa ganin minti goma masu tsawo irinsu ba. Muna shiga mota ruwa ya kece.

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma rigakafi ya fi magani, kuma amana tambayarta ake yi. Ina roƙon iyaye kada su hana yara irin wannan tafiya, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Sai dai ku yi tambaya: malamai nawa ne, wa ya iya taimakon farko, ina asibiti mafi kusa, mota za ta kwana can? Malamin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, kada ku ba shi ɗanku.

Da magariba muka sauka a Circle, muka ƙirga, 24 cif. Na damƙa wa Hajiya ɗanta, na kuma gaya mata abin da ya faru ban rage kome ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, baɗi ma a tafi da shi." Allah ya tsare mana zuriyarmu, amin.