Abokin shan hantsi a Uppsala

Shekarar da na yi karatu a Uppsala, ƙasar Suwidin, hunturu ya gasa mini aya a hannu. A Disamba ƙarfe uku na rana duhu ya rufe. Shi ya sa da watan Mayu ya kama, nake fita in jingina da bangon gidanmu na kudu, inda rana ke duka. A nan na tarar wani ya riga ni.

Ɗan gizo-gizo ne da bai fi ƙwayar shinkafa ba, baƙi mai ratsin fari kamar jakin dawa. Na miƙa yatsa, maimakon ya gudu sai ya juyo ya ƙura mini manyan idanunsa biyu na gaba. Takwas gare shi, amma waɗannan biyun ne na auna nisa. Ina tsaye ya lallaɓa wani ɗan ƙwaro, taku ɗaya-ɗaya, ya manna zarensa a bango, ya daka tsalle. Ba ya saƙa yana don kamu. Zaren na tsaro ne, in ya kuskure ya hauro da shi.

Maƙwabcina, wani dattijo mai sha'awar ƙwari, shi ya ce mini sunansa Salticus scenicus, kuma ɗan ƙasarsu Carl Clerck ne ya bayyana shi a littafinsa na 1757. Da alfahari ya faɗa, sai ka ce Suwidin ce ta ƙera shi. Alhali yankinsa ya faro daga Birtaniya, ya ratsa Turai da Rasha har gabas mai nisa, ga Kanada da Amurka. Duk arewacin duniya ne, amma ba don yana son sanyi ba. Bango, shinge, bakin taga, dutsen da ya sha rana, nan yake zama. Hunturu kuwa a tsaguwar bango yake yinsa, cikin ɗan kumbon zare. Ko a Birtaniya, yawansa raguwa yake yi in aka nausa arewacin Sukotilan.

Masu kamun ƙuda a bangon gidajenmu can ƙasarmu danginsa ne, iyali mai jinsi sama da 6,000, sai dai ba shi ba ne. Da na faɗa wa dattijon haka, cewa ya yi lallai in na koma gida in aiko masa da hotonsu.