Gyara Kayanka Ba Sauke Mu Raba Ba Ne



Babu abin da ya kai "Masha Allah, ya yi kyau" sauƙin faɗa idan aka ba mu rubutu mu duba. Mai shi ya tafi yana murna, rubutun kuma yana nan da ciwonsa. Mu da muka yi difloma a kwalejin fasaha mun san ranar da ciwon yake fashewa. Ita ce ranar kare kundin bincike a gaban malamai, inda babu abokin da zai amsa maka tambaya.

Mu huɗu muke duba kundin juna. Ɗayanmu ɗan Boɗinga ne, ya yi bincike kan kasuwancin albasa tsakanin Boɗinga da Shagari. Ya ɗora aikin kan ginshiƙai huɗun da Jerome McCarthy ya fitar a 1960, wato kaya, farashi, wuri da talla. Turancinsa ba makusa. Amma da muka zauna muka karanta, sai muka ga ɓaraka biyu.

Ta farko, duk waɗanda suka cike takardar tambayoyinsa dillalai ne, domin su ya fi samu a kasuwa. Cikin tambayoyin har da "Ko kun yarda dillalai suna taimakon manoma?" Wane dillali ne zai ce a'a? Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa, wanda dole ya sayar da zarar ya cire albasa, ba a ji bakinsa ba.

Ta biyu, lokacin girbi kaɗai ya shiga kasuwa, sa'ad da albasa ta cika ko'ina kuma farashi ya faɗi. Daga nan ya yanke hukuncin cewa ribar sana'ar kaɗan ce. Alhali kowa a ƙasar Sakkwato ya san idan damina ta yi nisa buhu yana tashi, kuma wanda ya iya ajiya, albasarsa ba ta ruɓe ba, shi ke kwasar riba. Wata guda ya gani, ya yi wa shekara hukunci.

Ba mu faɗa masa a zauren WhatsApp na aji ba, gida muka same shi. Muka fara da babin da ya fi ƙarfi, inda ya lissafa kuɗin lodi da na mota da ladan dillali a kan kowane buhu, muka gaya masa dalilin da ya sa babin ya tsayu. Sannan muka tambaye shi: "Abokina, wa ya gaya maka manomi yana jin daɗin dillali?" Ya yi shiru. Mako uku ya rage a miƙa aiki, kuma kwana biyu bai ɗaga wayarmu ba. Daga baya ya koma fadama ya yi wa manoma tambayoyi da Hausa, ya kuma rage taken ya tsaya kan lokacin girbi. Ko layi ɗaya ba mu rubuta masa ba, domin kundinsa ne.

Labaran da muke turo wa juna a wannan zaure ma haka suke. Wani zai rubuta kishiyoyi biyu, ya ji bakin uwargida kaɗai, ya bar amarya ba ta da hujja ko ɗaya. Mai gyara nagari zai nuna shafin, ya faɗi abin da ya gani, ya yi tambaya, ya bar wa mai alƙalami alƙalaminsa.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake zaune a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga. Ya saɓa wa yayansa a rubuce kan mas'aloli irin su kaɗe-kaɗe da laƙuban sarauta, Shehu kuma ya mayar da amsa a rubuce, kowa da hujjarsa, zumunci bai yanke ba.

A wannan makon, duk wanda zai yi sharhi kan labarin ɗan uwansa, ya kawo mana wuri ɗaya da ya yi kyau tare da dalili, da tambaya ɗaya da labarin bai amsa ba. Allah Ya ƙara mana basira.